Wata huɗu da muryar Shemekia Copeland a cikin motata

A wajenmu idan aka ce "buluz", abin da ke faɗo wa mutum a rai shi ne waƙoƙin soyayyar nan masu sanyi da gidajen rediyo ke sakawa bayan isha'i, irin waɗanda samari ke tura wa 'yan mata. Wanda nake nufi a nan daban ne. Buluz na ainihi kiɗan baƙar fatan kudancin Amurka ne, wanda ya tsiro wajen ƙarshen ƙarni na 19 a tsakanin 'ya'ya da jikokin bayi masu aikin gonakin auduga, musamman a yankin Misisipi. Kukan zuci ne da aka ɗora kan jita: talauci, bashi, miji mayaudari, ga kuma habaici da barkwanci jefi-jefi don kada baƙin ciki ya kashe mutum.

Wani abokin aikina ne ya dawo daga karatu a Amurka ya miƙo mini faifan CD guda biyu a matsayin tsaraba, don ya san tsohuwar motata har yanzu tana cin faifai. Duka biyun na mace ɗaya ne, mawaƙiyar buluz Shemekia Copeland: na farkonta, Turn the Heat Up na 1998, da Uncivil War na 2020. Tazarar shekara 22 ke tsakaninsu, kuma da ba don sunan da ke jikin kwalin ba, da sai in yi gardama cewa ba mutum ɗaya ba ce. Wannan ne ya sa na bi sauran ta waya ɗaya bayan ɗaya, ina saukewa da tsakar dare lokacin da data ke araha. Kundi 11 ta fitar daga 1998 zuwa 2024, kuma duk na saurare su, wasu sau ɗaya tak, wasu har faifan ya fara karcewa.

Gado ta yi. An haife ta a unguwar Harlem ta birnin New York a 1979, mahaifinta kuwa Johnny Copeland ne, makaɗin jita daga Texas wanda ya ci kyautar Grammy da kundin da suka yi tare da Albert Collins da Robert Cray a 1985. Tun tana yarinya ƙarama ya hau da ita dandali. Da ciwon zuciya ya fara cin ƙarfinsa sai ta riƙa bin sa yawon wasa tana buɗe masa fage, tana 'yar shekara 16. Ya rasu a 1997, shekara na zagayowa kamfanin Alligator na Chicago ya fitar da kundinta na farko.

Kundin nan na farko murya ce tsagwaronta. Yarinyar da ba ta cika ashirin ba, amma idan ta buɗe baki sai ka rantse uwar 'ya'ya biyar ce da duniya ta gasa wa aya a hannu. Aibinsa ɗaya, kuma ba ƙarami ba ne: ba ta san sassautawa ba tukuna. Kamar yaron da aka ba sabon babur, kowace kwana da gudu take shiga. Ka saurari waƙa huɗu a jere, kunnenka zai nemi hutu. Sai dai a cikinsa akwai "Ghetto Child", waƙar mahaifinta ce a kan yaron da ya tashi cikin fatara, kuma saboda ita kaɗai faifan ya biya kuɗinsa.

Wata ranar Asabar na ɗauko Gwaggo daga Zariya za mu Kano, waƙar ta shigo muna daf da Kwanar Dangora. Gwaggo ba ta jin ko kalma ɗaya ta Turanci, kuma ba ma'abociyar kiɗa ba ce, carbinta na hannunta. Na kai hannu zan rage sauti sai ta ce, "Bar shi, ɗan nan." Ta yi shiru har aka kai tsakiya, sannan ta ce, "Wannan baiwar Allah kuka take yi ko waƙa?" Na ce, "Gwaggo, waƙar babanta ce, bai daɗe da rasuwa ba ta rera ta." Ta gyaɗa kai ta ce, "Allah sarki. Ai da ji ka san maraici ne." Daga nan ba ta ƙara cewa komai ba har muka wuce Kura. Daga baya na ga bidiyonta a YouTube tana rera wannan waƙa a gaban jama'a, ta ajiye makirfo ta sauko cikin mutane da muryarta zalla, ana jin ta har ƙarshen zaure. A nan na gane cewa faifai bai taɓa ɗaukar rabin abin da ke ƙirjin matar nan ba.

Kundaye ukun da suka biyo baya ba zan daɗe a kansu ba. Wicked na 2000 ya fi na farkon tsari, a ciki ne ta yi waƙa tare da tsohuwar gwana Ruth Brown, kuma shi ya fara kai sunanta jerin masu takarar Grammy. Talking to Strangers na 2002 Dr. John, makaɗin fiyano ɗan birnin New Orleans, shi ne ya tsara shi, don haka fiyanon New Orleans ya cika shi. The Soul Truth na 2005 kuwa aikin makaɗin jita Steve Cropper ne, da ƙahonni irin na birnin Memphis. Duka suna da daɗi a mota, amma a kunnena kowanne ya fi kama da gidan wanda ya tsara shi, ita kuma baƙuwa ce da aka karrama. Maganar ma kusan ɗaya ce: namiji ya yi ƙarya, namiji ya dawo da asuba, tattara kayanka. Tana yin habaicin da gwaninta, har takan tuna mini marigayiya Barmani Choge idan ta juya kan mazan da ba su da kataɓus, mata na shewa ƙwarya na tashi. Amma ko tuwon sallah ne, idan aka yi ta maimaita shi sai ya gundure ka.

Canjin ya faro ne da ta koma kamfanin Telarc ta haɗu da mai tsara kundi Oliver Wood. A Never Going Back na 2009 ta koyi yin ƙasa da murya, sai ga shi raɗarta ta fi ihunta tsoratarwa. Na 2012 sunansa 33 1/3, wato saurin juyawar babban faifan garmaho a minti guda, kuma ya yi daidai da shekarunta a lokacin. Wanda ya taso ya tarar da garmaho a ɗakin kakansa zai ji daɗin wannan wasa. A cikinsa akwai waƙa a kan matar da miji ke duka har ta yanke shawarar ficewa, Buddy Guy na kaɗa jita kamar yana yanka da wuƙa. Tsakanin waɗannan kundaye biyun ne, a 2011, aka naɗa mata kambin Koko Taylor a bikin buluz na Chicago. Koko ce ake kira sarauniyar wannan kiɗa har ta rasu a 2009, kuma 'yarta ce ta miƙa kambin da hannunta. A 2012 kuma ta yi wasa a fadar White House gaban Obama tare da B.B. King. Outskirts of Love na 2015, wanda da shi ta koma Alligator, mai kyau ne, sai dai ban cika komawa kansa ba.

Inda na tsaya na kafa tanti shi ne kundaye uku na farko da makaɗin jita Will Kimbrough ya tsara mata a birnin Nashville: America's Child na 2018, Uncivil War na 2020, da Done Come Too Far na 2022. Ta haifi ɗa namiji kafin na farkon, ta sa masa sunan mahaifinta, kuma daga nan maganarta ta sauya. Ta bar batun saurayi mayaudari ta koma tambayar irin ƙasar da yaron zai tashi a ciki.

Waƙar da ta buɗe Uncivil War, "Clotilda's on Fire", ita ce na fi saurara a duk abin da ta yi. Clotilda jirgin ruwa ne, na ƙarshe da aka sani ya kai bayi Amurka daga Afirka. Tun 1808 dokar ƙasar ta haramta shigo da bayi, amma a 1860 wani attajirin garin Mobile a jihar Alabama, Timothy Meaher, ya tura kyaftin William Foster zuwa Wida, tashar bayi ta masarautar Dahomey, a Jamhuriyar Benin ta yau. Ya ɗebo mutum 110. Da suka iso aka sauke su a ɓoye, aka banka wa jirgin wuta aka nutsar da shi a kogi don a ɓatar da shaida. Bayan an 'yanta bayi a 1865 waɗannan mutane sun so komawa gida, kuɗin jirgi ya gagara, sai suka sayi fili suka kafa unguwarsu da ake kira Africatown, wadda jikokinsu ke ciki har yau. Sai a 2019 aka tabbatar da gano gawar jirgin a cikin laka. Shekara guda bayan haka waƙar ta fito. Abin da ya burge ni shi ne ba ta yi kururuwa ba. Ta ba da labarin a natse kamar mai ba da shaida gaban alƙali, ta bar jitar Jason Isbell ta yi aikin wutar. Na tsaya a bakin titi na sake ta sau uku ranar da na fahimci abin da take faɗa. Wida ba wani nisa gare ta da Legas ba.

A Done Come Too Far akwai "Gullah Geechee", a kan baƙar fatan gaɓar tekun Carolina da Georgia waɗanda suka riƙe yawancin al'adun da kakanninsu suka zo da su. Cedric Watson ne ke kaɗa banjo na ƙwarya a ciki, kuma da ta fara sai na ɗauka gurmi ne. Ba abin mamaki ba ne, domin asalin banjo daga kayan kiɗan Afirka ta Yamma ne masu ƙoƙo da fata da tsirkiya, dangin gurminmu da molo. Shi ma mahaifinta ya zagaya Afirka ta Yamma a farkon shekarun 1980, har ya naɗi kundi a Kodebuwa. Sai kuma "The Talk", inda uwa ke zaunar da ɗanta baƙar fata tana koya masa yadda zai yi idan 'yan sanda suka tare shi, don ya dawo gida da ransa. Wannan ba na iya sa ta idan ina cikin raha.

To, ga inda nake da ƙorafi. Yawancin waƙoƙin nan ba ita ke rubuta su ba, manajanta John Hahn ne da Kimbrough, kuma wani lokaci alƙalaminsu yakan zarce ya zama wa'azi. Idan ta ba da labarin mutum ɗaya, jirgi ɗaya, uwa ɗaya, sai ta kama ka a wuya. Idan kuwa ta koma cewa a daina ƙiyayya, a haɗa kai, kowa ɗan'uwan kowa ne, sai in ji kamar ina sauraron sanarwar hukumar wayar da kai da aka sa wa kiɗa. America's Child ya fi fama da wannan, duk da cewa shi ya ci kyautar kundin shekara a gasar buluz ta 2019, kuma a ciki ne ta yi waƙa mai daɗi da marigayi John Prine. Matsala ta biyu ta mai sauraro ce irina. Kundayen farko ko ba ka jin Turanci murya za ta isar maka da saƙo, kamar yadda ta isar wa Gwaggo. Waɗannan na baya sai ka san kalmomin, ka kuma san ɗan tarihin Amurka, in ba haka ba rabin abin ya wuce ka. Ni kaina sai da na nemo rubutattun baitocin na bi su layi-layi.

Na ƙarshe, Blame It on Eve na 2024, ta ɗan sauke kaya ta dawo da wasa. Sunan na nufin a ɗora wa Hauwa'u laifi, habaici ne ga masu jingina kowace masifa ga mace. Na yi murmushi da na gane, domin mu a karatunmu ba a ɗora wa Nana Hauwa'u laifin fita daga Aljanna ita kaɗai ba. Akwai waƙa a kan Rufus Payne, baƙar fatan da ya koya wa Hank Williams jita a titunan Alabama kuma duniya ta kusa mantawa da shi, ita ce ta fi kwanta mini. Akwai kuma ta yabon giya, wadda nake tsallakewa idan yara na cikin mota. Iyaye su san da wannan, don ba a wannan kundi kaɗai ba, nan da can takan taɓo abubuwan rayuwar Amurkawa da ba kowane gida zai so a ji ba.

Batun sauti kuma, kada ka ɓata lokacinka da ƙaramin abin kunnen nan na ɗari biyar. Na gwada, muryar ta fito siririya kamar ta cikin gwangwani, ƙasan kiɗan duk ya ɓace. Tana son lasifika mai ɗan nauyi, ko ta mota ko ta ɗaki.

Wanda zai fara, ya fara da Uncivil War, sannan 33 1/3, sannan ya koma na 1998 don ya ji inda aka faro. Nawa faifan na Uncivil War ya karce a daidai waƙar farko saboda yawan maimaitawa, yanzu sai ya yi tsalle a tsakiyar jitar Isbell. Na aika wa abokin nawa saƙo cewa idan wani zai taho daga can ya haɗo ni da wani.