Maganin feshi na Wynn's don wanke EGR: inda yake aiki da inda ba ya kaiwa

Aikin bawul ɗin EGR a injin dizal shi ne ya maido da wani kaso na hayaƙin salansa cikin silinda. Iskar oksijin ta ragu, zafin ƙonewar mai ya sauka, gubar NOx, wato iskar da ƙonewa mai tsananin zafi ke haifarwa, ta ragu da shi. Sai dai kunkunniya kan ƙaru, ta haɗu da tururin baƙin mai da ke tasowa daga injin, su daskare a bawul da manifol (bututun da ke raba iska ga silinda) kamar kwalta. Motar da ke yini a sulo cikin cunkoso ta fi saurin kamuwa. Alamunta baƙin hayaƙi, rashin ja a hawa, da lambar P0401 idan an jona na'urar bincike.

Maganin yana zuwa a gwangwanin feshi. A bari inji ya yi zafi, a kwance robar iska bayan sensar MAF, wadda ke auna iskar da ke shiga inji, domin in ruwan ya taɓa sensar za ta iya lalacewa. Mutum ɗaya ya riƙe totur inji na juyi wajen 2,000 a minti, ɗaya yana fesawa kaɗan-kaɗan, daƙiƙa ɗaya ko biyu, ya dakata sai inji ya daidaita. Dakatawar nan ba wasa ba ce. Injin dizal yana ƙona maganin kamar mai, za ka ji ya zabura yana ƙwanƙwasa, in kuma aka danna babu ɗagawa ruwan zai iya taruwa a kan fistin ya lanƙwasa sandarsa.

Ga dauɗa mai laushi yana da kyau ƙwarai, sulo kan daidaita, hayaƙi ya ragu. Amma duba hanyar da yake bi: ta mashigar iska yake wucewa, ba ya shiga kular EGR mai sanyaya hayaƙin, kuma bai cika wanke gefen bawul da ke fuskantar salansa ba. A injin Hilux irin 2KD-FTV da ya yi shekaru ba a buɗe shi ba, inda dauɗa ta kai kaurin yatsa, gwangwani uku ma asarar kuɗi ne. Sai an sauke bawul da manifol, a kankare, a wanke, a sa sabon gasket. A nan maganin ya fi amfani, a fesa shi kai tsaye a kan bawul ɗin da ke hannu, a goge da buroshi.

In nozul na zubar da mai ko matatar iska ta toshe, dauɗar za ta dawo ba da jimawa ba, don haka a fara duba su. Toshe EGR da farantin ƙarfe kuwa, kamar yadda wasu kanikawa ke yi, yana ƙara NOx, kuma a motoci da yawa yana kunna fitilar gargaɗi ta inji.