Kraftwerk ko Daft Punk: amsa ga ƙanenmu mai situdiyo a Wunti

Ƙanena, na ga tambayarka tun daren jiya, amma ban so in amsa ba sai da na sake sauraron albam biyun da tambayar ta shafa. Ka ce shekararka tara kana haɗa kiɗan fiyano a ɗan situdiyonka na Wunti a Bauchi, yanzu mawaƙa sun fara cewa kiɗanka duk kala ɗaya ne, wani kuma ya ce ka je ka nazarci abin da Kraftwerk da Daft Punk, ƙungiyoyin kiɗan na'ura na Turai, suka yi bayan sun manyanta. Kana so ka san wanne za ka zauna a kansa.

Mu fara da dattawan. Ralf Hütter da Florian Schneider ne suka kafa Kraftwerk a birnin Dusaldof na Jamus a 1970, lokacin da kiɗa da na'ura zalla yake abin mamaki. A watan Agustan 2003 suka saki Tour de France Soundtracks, alhali rabonsu da albam na sabbin waƙoƙi tun 1986. Shekara 17 ke nan. Sun yi shi ne don cikar babban tseren keke na Faransa shekara 100, shi Hütter dama keke ya shiga jininsa, sai dai kafin albam ɗin ya fito an riga an gama tseren na shekarar. Ba su sauya hali ba ko kaɗan. Sauti kaɗan ne, kowanne tsaf a gurbinsa, yana maimaituwa kamar juyawar feda, har numfashi da bugun zuciya suka mayar kiɗa. A Jamus ya hau lamba ɗaya, karo na farko a tarihinsu. Amma wasu masu sharhi sun ce yaran da suka koyi sana'ar a wurinsu sun riga sun yi irin wannan tun tuni. An girmama albam ɗin, ba a yi masa rububi ba.

Daft Punk kuwa, Thomas Bangalter da Guy-Manuel de Homem-Christo, 'yan birnin Faris masu rufe fuska da hular mutum-mutumi, sun haɗu a matsayin ƙungiya a 1993. Da na'ura suka yi suna, da yanko guntun tsohuwar waƙa a ɗora sabon kiɗa a kai. Shekara 20 da farawa, a watan Mayun 2013, sai suka fito da Random Access Memories, suka juya wa hanyar da ta ɗaukaka su baya. Makaɗa na gaske suka ɗauko. Omar Hakim da John Robinson suka zauna a kan ganguna, Nile Rodgers, yana da shekara 60, ya riƙe jita, Pharrell Williams ya rera Get Lucky. Wurin da ya fi taɓa ni shi ne inda suka zaunar da Giorgio Moroder, jigon kiɗan disko, dattijon da ya haura 70, yana ba da labarin yadda ya fara sana'a, su kuma suna saƙa kiɗa a ƙarƙashin muryarsa, a waƙar da ta kai kusan minti tara. Duk sanda na ji wurin nan sai in tuna tsofaffin makaɗanmu da suke tafiya ɗaya bayan ɗaya ba wanda ya ajiye musu makirufo.

Karɓuwarsa ba ta misaltuwa da ta farkon. Ya hau lamba ɗaya a Amurka da Ingila, a Janairun 2014 ya kwashi kyautar Grammy biyar, ciki har da gwarzon albam na shekara da ta ingancin ɗaukar sauti. A shekarar ce kuma masu Grammy ɗin suka ba Kraftwerk lambar girmamawa ta hidimar rayuwa, wato aka karrama malamai da ɗalibai a lokaci guda. Wasu tsofaffin masoyan Daft Punk sun yi ƙorafi, sun ce ya yi tsawo, ya wuce awa ɗaya, kuma ba ya tayar da mai rawa kamar na da. Suna da gaskiyarsu a wasu waƙoƙin. Shi ne albam ɗinsu na ƙarshe, a Fabrairun 2021 suka sanar da rabuwa.

To, ga ra'ayina. Ka saurari Kraftwerk sau biyu ko uku don abu ɗaya: tsimi. Yawancinmu muna cusa sauti ashirin a inda huɗu suka isa, har muryar mawaƙi ta nutse. Amma ciwon da ka kawo, maganinsa yana wurin Daft Punk. Kiɗanka ya zama kala ɗaya ne saboda kalangun da ke cikin fiyanonka shi ne a fiyanon maƙwabcinka na Yelwa da na Gombe da na Kano, kuma yadda ya buga a daƙiƙar farko haka zai buga a ta ƙarshe. Hannun mutum ba ya yin haka. Mai kalangu yana matse igiyoyin a hammata, murya ta hau, ya sassauta ta sauka, ya ɗan riga kiɗan ko ya ɗan jinkirta, a nan daɗin yake.

Kada kuɗin da Turawan nan suka kashe ya karya maka gwiwa. Su sai da suka tsallaka Amurka neman makaɗa, kai kuwa ba Asabar ɗin da za ta wuce a Bauchi ba ka ji kalangu a gidan biki ba. Ka nemi dattijo ɗaya mai kalangu ko mai gurmi, ka yi masa sallama ta mutunci, ka biya shi haƙƙinsa, ka sa sunansa a aikin. Ranar ɗauka ka kashe fanka, ka matsar da janareto nesa da taga. Kuma kada ka ɗora masa kiɗan da ka riga ka haɗa ka ce ya bi. Bar shi ya fara bugawa shi kaɗai, kai ka gina naka a kan nasa. In ka yi na farko, turo mana a nan mu ji.