Balogun ko kasuwar Lekki, amsar Hajiyar da za ta zaga da baƙinta

Wa'alaikumussalam Hajjaju, tsakanin kasuwar Balogun da kasuwar Lekki ta Jakande a Ikko da kika tambaya wacce za ki kai baƙinki, ni dai ki kai su Balogun kawai kar ki tsaya wani shawara.

Kayan lefen ƙanina kaf a can muka haɗa, atamfa, leshi, shadda, takalma da jaka har akwatunan. Akwai wata dattijuwa Bayarbiya da nake sayen atamfa gurinta a wani lungu bayan babban masallaci, ranar ruwan sama ya tsare mu a shagonta matar nan ta jawo mana benci ta aika yarinyarta ta sayo mana gasasshiyar agada da gyaɗa, da la'asar tayi ita da kanta ta shimfiɗa mana sallaya a bayan kanta ta ce mu bar kayan babu abinda zai same su, kuma wlh ko zare bai ɓata ba. Har yau in naje sai ta tambayi amarya.

Kuma Balogun ba kasuwa ce mai ƙofa ɗaya ba, layuka ne birjik sun cinye unguwa guda a tsibirin Ikko har su haɗe da Idumota, kina tafe kina kallon tsohon gari ne. Babban masallacin yana kan titin Nnamdi Azikiwe, in kuma baƙin naki masu son tarihi ne ki ratsa da su titin Martins su ga masallacin Shitta-Bey, tun 1894 aka buɗe shi yana nan tsaye. Kallo kuwa kyauta ne, ga masu gwanjo sun hau tebur suna tafi suna kaɗa ƙararrawa suna rera farashi, ga mai magani da lasifikarsa, wataran ki ci karo da makaɗa da kalangunsu suna bin manyan mata suna musu kirari ana liƙi. Abinci ki nemi amala da ewedu mai zafi ko ewa agoyin, wato dafaffen wake da miyar yaji, da burodin Agege, in cikinsu bai saba ba ku ƙarasa Obalende da yamma, tsiren mutanenmu na nan. In da sauran ƙarfi akwai Freedom Park a titin Broad, gidan yarin Turawan mulkin mallaka ne da, a 2010 aka maida shi gurin shaƙatawa, ana yawan kiɗa da daddare.

Lekki kam ba laifi akwai natsuwa, sassaƙa da zane da duwatsun wuya, amma farashin na Turawa ne, jakar fatar da na sayo can irinta ce zube a kasuwar Kurmi, har yau kuɗin nan na min ciwo.

Sai dai dan Allah ki kula da samarin nan masu tare mutum a bakin layi suna Alhaja me kike nema, in kika bi su shagon da zasu kaiki an riga an ɗora kamashonsu a kan kuɗin. Atamfa kuma kar tambari ya ruɗe ki, akwai ta Chana da ake manna wa takardar Holan, ki sa a warware turmin a gabanki ki duba ciki da waje ki tabbatar yadi 6 ne cif, kuma wanda kika zaɓa shi za a sa a leda kina kallo, don a nan ake musanya. Mai dako ku yi ciniki kafin ya ɗauka, ya shiga gaba kina binsa, jakarki a ƙirji.

Ku fita da sassafe da takalmi mara tsini. In ta wajen Mile 2 kuke ku hau jirgin ƙasa ya sauke ku Marina kusa da kasuwar, kun huta da goslo. Banda Lahadi don yawancin shaguna a kulle suke, Alhamis kuma sai ƙarfe 10 ake buɗewa saboda shara.