Shekara 4 da Mercedes 300E ta 1990: Sharhin Mai Ita

Ranar da na je ganin motar nan, tun kafin a tayar da inji ƙofarta ta gama saye ni. Na tura ta a hankali, ta rufe da wani sauti mai nauyi, dum, babu karkarwa, babu ƙarar gwangwani. Mota mai shekara sama da 30, mitarta ta wuce kilomita 240,000, amma ƙofa na zama daram a mazauninta kamar jiya aka ɗaura ta. Mai ita ya lura da fuskata, ya ce, “Malam, ai irin wannan ba ta mutuwa.” Na sha jin wannan magana a bakin masu son tsofaffin motocin Jamus, kuma a ranar na yarda da ita ɗari bisa ɗari. Yau shekara 4 ke nan tana hannuna, na ƙara mata kusan kilomita 55,000, kuma ina ganin maganar tana buƙatar gyara. Tana mutuwa sarai idan aka yi sakaci da ita. Abin da ya fifita ta shi ne an ƙera ta yadda duk abin da ya gaji a jikinta za a iya kwance shi, a gyara, a mayar, ta dawo hayyacinta.

Ga wanda bai san ta ba, tana cikin jerin da Mercedes-Benz ya yi wa lamba W124, wanda aka fito da shi a ƙarshen 1984, aka ci gaba da ƙerawa har tsakiyar shekarun 1990, sama da mota miliyan 2.5. Bruno Sacco ne shugaban sashen zane na kamfanin a lokacin, shi ya sa masoyanta ke kiran faffaɗan allon nan na gefen ƙofofi, wanda aka ƙara daga 1989, da sunansa. Tawa tana da shi. Injinta M103 ne, silinda 6 a jere, lita 3, ƙarfinsa kusan doki 180, giyarta kuma mai canza kanta ce mai hawa 4. Sai a 1993 aka mayar da harafin E gaba, aka fara cewa E 280 da E 320.

Abin da ya fara tayar mini da hankali allurar zafi ce. A buɗaɗɗiyar hanya da safe ba ta kai digiri 60, amma da na shiga cunkoso sai ta yi ta hawa. Da muka buɗe, sai ga gidan tamostat, wato bawul ɗin da ke daidaita zafin ruwan inji, fayau, wani bakanike can baya ya cire shi ya jefar, wai don kada mota ta ɗauki zafi. Wannan ɗabi'a tana ba ni haushi ƙwarai, domin cuta ce ake yi wa inji da sunan magani. Injin da bai kai zafin aikinsa ba, na'urar auna zafi tana ta gaya wa kwamfutarsa cewa har yanzu da sanyi, ita kuma ta ci gaba da ƙara mai. Ga asarar fetur, ga fulogi na yin baƙi, ga ragowar man yana wanke baƙin mai daga bangon silinda. Ainihin laifin kuwa yana can ba a taɓa shi ba: kulocin fanka ya saki, lagireto ya toshe rabi. Na sa sabon tamostat, sabon lagireto, famfon ruwa, kulocin fanka da dukkan tiyo a rana ɗaya. Tun daga nan allura ta tsaya ɗan sama da 80, ko rana ta take ko ana ruwa. Shawarata ga duk wanda ya sayi irinta, ya fara da nan kafin fenti, kafin rediyo. Kan injin aluminiyam ne, dogo kuma, zafi ɗaya mai tsanani ya isa ya lanƙwasa shi ya ƙone gasket.

Na biyu ya fi cin lokaci, kuma shi ya koya mini motar. Da safe sai an yi ta murza makulli kafin ta tashi, idan ta tashi kuma silo, wato jujjuyawar inji ba a taka totur ba, ba ya zama wuri ɗaya, ya hau ya sauka kamar mai haki. Tsarin man injin nan na Bosch ne, sunansa KE-Jetronic, kuma ya sha bamban da abin da yawancin bakanikai suka saba da shi a yau. Idan ka cire murfin matatar iska za ka ga wani faifai zagayayye a cikin mazurari. Iskar da inji ke zuƙa ita ke danna faifan ƙasa, shi kuma ya motsa wani siririn ƙarfe a cikin kan rabon mai, mai ya fita ta bututu 6 zuwa nozul 6 waɗanda ke fesawa ba yankewa. Lantarki aikinsa ɗan gyara ne kawai a gefe. Shi ya sa ko ɓangaren lantarkin ya mutu motar za ta kai ka gida, sai dai ba daɗi. Amma duk tsarin ya dogara ne a kan abu 2: matsin mai, wanda ya haura bar 5, da kuma kada wata iska ta saci hanya ta shiga ba tare da ta bi ta kan faifan ba.

Akwai wani ƙaramin sukuru na saitin mai a tsakanin faifan da kan rabon, kuma kowa hannunsa can yake zuwa. Ni ma har na ɗauko makulli. Wani dattijon bakanike da ya tsufa a kan injinan nan ya riƙe mini hannu, ya ce, “Ɗana, ajiye. Wanda ya juya wannan kafin ya auna matsi, ɓoye cutar ya yi.” Na ce, “To Baba, ta ina za mu fara?” Bai amsa ba, ya sa hannu ƙarƙashin gidan iska ya zaro wani gajeren tiyo mai zuwa bawul ɗin silo, ya lanƙwasa shi a gaban idona. Ta ƙasa duk ya tsattsage kamar busasshiyar fata, ta sama kuwa lafiya lau. Daga nan ya zagaya bayan batir ya ciro wani rile mai fiyus a kansa, wanda aikinsa kare kwamfutocin motar daga wutar da ta yi yawa. Ya buɗe shi ya nuna mini dalmar da ta tsage, siririya kamar gashi. Shi ne dalilin da fitilar ABS, na'urar hana tayoyi kullewa idan an taka birki, take kamawa lokaci-lokaci, shi ne kuma dalilin wahalar tashi da safe. Abin da muka canza kawai shi ne tiyo 2, rile 1, da matatar mai. Ba a taɓa sukurun ba har yau, kuma silo ya kwanta har kana iya mantawa inji na aiki.

A nan na gane cewa abokin gabar motar nan shekaru ne, kuma roba suke ci. Bulo, sarƙar inji, giya, duk suna nan da ƙarfinsu. Abin da ya mutu shi ne duk wani abu mai laushi da ke tsakanin ƙarfe da ƙarfe.

Ƙafar baya ta tabbatar mini da haka. Kowace tayar baya hannuwa 5 ne ke riƙe da ita, tsarin da kamfanin ya fara sa wa ƙaramar 'yar'uwarta Mercedes 190 a 1982. Hannuwa 10 ke nan, kowanne da bushin a bakinsa, ga kuma manyan robobi 4 da ke riƙe da gadon ƙafar gaba ɗaya. Lokacin da na saye ta, idan na ɗaga ƙafa daga totur a kan gudu sai in ji bayanta ya ɗan karkata, kamar tana son ta zaɓi hanyarta. Na ɗauka halin tsohuwar mota ne. Karon farko na sayi wasu hannuwa masu araha, cikin kwali mai kyau, babu sunan da na sani a jiki. Wata 9 suka yi robarsu ta fashe, tayoyin baya suka cinye ta ciki. Aiki biyu, kuɗi biyu, da taya biyu a kai. Karo na biyu na sa na Lemförder, na haɗa da shokazoba na Sachs, kuma muka bi ƙa'idar da aka tsallake da farko: ba a yi wa notin bushin ɗaurin ƙarshe sai nauyin mota yana kan tayoyinta. Idan aka ɗaure tana rataye a kan jak, da an sauke ta robar za ta zauna a murɗe, ta mutu da wuri ko da mai kyau ce. Bayan saitin ƙafa na hau hanya, wallahi sai na ji kamar an musanya mini mota. Tana bin layi kamar an ɗora ta a kan dogo, rami kuma sai dai ka ji shi daga nesa.

Ƙafar gaba tana da gargaɗi na musamman, kuma ba na wasa ba ne. Sifirin yana zaune ne a kan hannun ƙasa, don haka boljoyin na ƙasa kullum yana ɗauke da nauyi. Idan ya fara kuka lokacin juya sitiyari, kada a jira, domin idan ya fita taya kwanciya take yi. Sifirin ɗin kansa dogo ne mai ƙarfin gaske, yana da matsewarsa ta musamman mai shiga ta ciki. Kada kowa ya gwada shi da irin ƙugiyoyin nan na waje. Ina yin sabis da hannuna, ina canza birki, fulogi da fanbel, amma wannan aikin na bar wa mai kayansa.

Batun kwalliya, na gwada kuma na dawo. Motar ta fito da rim mai inci 15 da taya 195/65. Na ga hotunan waɗanda aka sa wa inci 18 aka sauke su ƙasa, suka burge ni, na saya na ɗaura. A tsaye ta yi kyau, ba zan ƙi faɗa ba. A tafe kuwa duk abin da na kashe kuɗi na dawo da shi ya gudu: kowane tsagin kwalta yana zuwa har ƙashin baya, sitiyari ya yi nauyi yana bin kwarin hanya. Dogon gefen tayar asali yana cikin lissafin waɗanda suka tsara ƙafar. Mako 6 na yi na mayar da nata. Ba na zargin mai son sauke motarsa, kowa da abin da yake nema, amma ni taushin tafiyar nan shi ne motar. Gyare-gyaren da na bari su ne waɗanda ido ba ya gani: na ƙara rile a layin fitilun gaba don haske ya ƙaru, na sa rediyo mai haɗuwa da waya amma mai fuskar da, na kuma mayar da na'urar sanyi daga gas ɗin R12, wanda aka daina saboda illarsa ga sararin samaniya, zuwa R134a. Sanyin bai kai na asali ba a cikin cunkoso, amma yana wadatarwa.

Akwai ƙananan abubuwa da har yanzu suke faranta mini rai. Bonet yana buɗewa ya miƙe tsaye cak, ka shiga aiki ba ka sunkuyar da kai. Waifa guda ce tak, amma tana miƙa hannu zuwa kusurwoyin gilashi ta dawo, tana share kashi 86 cikin 100. Fitilun baya masu gurbi-gurbi ne don ko laka ta rufe su a ga haske. Tukunyar giya tana da nata notin zubar da mai, don haka idan za ka canza, kusan duka yake fita. Idan ka zauna a ciki kana ganin kusurwa 4 na motar, abin da ya yi wuya a motocin yanzu.

Aibinta ma ba zan ɓoye ba. Tana shan mai: a cikin gari nakan ga lita 13 zuwa 14 a kilomita 100, a doguwar hanya wajen 10. Daga tsaye tana tashi da nawa, domin giyar takan fara ne da hawa na 2 sai in ka taka sosai. Injin yana ɗan tsatsafar baƙin mai ta gaba, wurin murfin sarƙa, kuma robobin bawul idan suka tsufa za ka ga shuɗin hayaƙi. Kariyarta ta zamaninta ce: ABS akwai, amma babu na'urar hana zamewa, babu jakunkunan iska na gefe. Wanda zai ɗauki iyali kullum ya sa wannan a ma'auni da gaske. Mai neman ta shekarun 1992 zuwa 1996 kuma ya duba wayoyin inji da kyau, domin rigarsu an san ta da ruɓewa. Sai tsatsa, wadda ita ce kaɗai ke iya kai motar nan kabari. A duba ramukan jak guda 4, ƙasan fuka-fukan gaba, da ƙarƙashin batir. Inji ana sake shi, amma gangar jiki da ta ruɓe sai walda mai tsawo da tsada.

Wa zan ce ya saya? Wanda yake da wata motar ta zuwa aiki, ko aƙalla haƙurin barin wannan a gareji kwana 3 ana jiran kaya masu kyau. Wanda zai ware, bayan kuɗin saye, wani kaso mai kauri na shekarar farko. Wanda kuma zai nemi littafin gyaranta ya karanta, ko da ba shi zai riƙe sifana ba, don ya san lokacin da ake shirin cire masa tamostat. Idan da takardun sabis na baya, sun fi ƙarancin kilomita daraja a wurina. Mai son ya murza makulli kawai ya manta da abin da ke ƙarƙashin bonet, wannan ba tasa ba ce, kuma zai tsane ta cikin wata 6.

Ni dai an yi mini tayi sau 2 na ƙi. A makon jiya na ji wata 'yar girgiza a ƙarƙashin kujera idan na kai kilomita 90, na leƙa na ga robar furofela ta fara tsagewa a gefen noti. Sabuwa tana kan teburina tare da robar tsakiya, ranar Asabar za mu ɗaga ta.