Na je zaman shawara wajen masaniyar halayyar ɗan Adam bayan rasuwar maigidana, ga yadda na ga wajen

Wani asibiti ne mai zaman kansa a nan cikin Kano, ba zan kama suna ba tunda akwai abubuwan da zan yi ƙorafi a kai. Suna da likitan ƙwaƙwalwa mai rubuta magani, suna kuma da wata mata da ta karanci halayyar ɗan Adam, ita ba ta ba da magani, zama kawai kuke yi ku yi magana kusan awa ɗaya duk sati. Wajenta aka tura ni. Kuma in ana so a ji a taƙaice, na ƙaru sosai, kuɗina bai tafi a banza ba, amma wallahi tsadar ta yi yawa.

Maigidana hatsarin mota ya yi a hanyar Zariya. An yi zaman makoki, an yi sadakar uku da ta bakwai da ta arba'in, na yi takabata wata huɗu da kwana goma, duk wannan lokacin gida cike yake da mutane, Allah ya saka musu da alheri. Bayan na fita takaba ne abin ya sauko min, kowa ya koma harkarsa ni kuma bacci ya ƙaurace, abinci sai in tura da ƙyar, in wayata ta yi ƙara da yamma gabana ya yanke ya faɗi saboda da yamma aka kira ni ranar, ko ta Na'ibawa da ke kan hanyar Zariyar ba na iya bi sai in sa mai adaidaita ya zagaya. Duk wanda ya ce min ya haƙuri sai in ce alhamdulillahi, to me za ki ce? Yayata ce ta gaji da ganina haka ta kai ni da kanta.

Abin da ya fara kwantar min da hankali shi ne ɗakin. Ba gado, ba warin asibiti, kujeru biyu ne da ɗan tebur da tishu da ruwa, ƙofa a rufe. Ta gaishe ni da Hausa, ta yi min ta'aziyya yadda ake yi, Allah ya jiƙansa ya sa ya huta, sannan ta ce Hajiya duk abin da kika faɗa a nan ya tsaya a nan, sai dai in na ga rayuwarki ko ta wani tana cikin haɗari. Sai ta ce in ba ta labarinsa, ba labarin hatsarin ba, shi ɗin kansa, wane irin mutum ne. Tun da ya rasu ba wanda ya tambaye ni haka, kowa tsoron ambatonsa yake yi a gabana kar in yi kuka. Na yi kukan kuwa, kuma ba ta ce in yi shiru ba, ba ta ce kukan yana ƙona shi ba, ta bar ni har na gama.

Tsorona tun farko kar a ce zuwa irin wannan waje rashin tawakkali ne, don akwai waɗanda suka faɗa min hakan a dangi. Ita matar ba ta yi min wa'azi ba, ta ce ba fanninta ba ne, amma ta tambaye ni me na sani game da yadda Annabi (SAW) ya yi da ɗansa Ibrahim ya rasu. Na sani mana, idonsa ya zubar da hawaye ya ce ido yana hawaye zuciya tana baƙin ciki amma ba ma faɗin sai abin da Ubangijinmu ya yarda da shi. Ga Annabi Yakubu a Suratu Yusuf da idanunsa suka yi fari saboda baƙin ciki. Ga shekarar da Nana Khadija da Abu Ɗalib suka rasu har shekarar baƙin ciki ake kiranta. Duk na san waɗannan tun ina Islamiyya amma ban taɓa ɗora su a kaina ba, kullum gani nake in na bari aka ga ciwon to haƙurina ya zube.

Aikin da muka yi ba hira ba ce kawai, akwai tsari. Ta sa ni riƙe ɗan littafi ina rubuta lokacin da abin ya fi tsanani a rana da lokacin da ya lafa da abin da nake yi a lokacin, a nan na gano tsakanin la'asar da magariba ne ya fi kama ni, sai muka tsara abin da zan riƙa yi a wannan lokacin. Daga baya ta sa na ba da labarin ranar tun daga kiran waya har wankan gawa, na maimaita a zama daban daban, wannan shi ne mafi wuya, ranar farko na fito jikina yana rawa na ce wa Yaya ba zan koma ba. Amma kowane maimaici nauyin yana ɗan raguwa. Hanyar Na'ibawa ma a hankali muka bi da ita, farko da rakiya, daga baya ni kaɗai.

Inda ta fi taimakona shi ne maganar nadama, wato "da na sani". Ni ce na matsa wa maigidana ya dawo a ranar saboda yaronmu ba lafiya, kuma ban taɓa faɗa wa kowa ba, ko mahaifiyata, kullum dare abin da ke cina kenan. Ba ta ce min haba Hajiya daina wannan tunanin ba. Tambaya ta yi ta yi min, a lokacin da kika kira shi me kika sani, da ƙanwarki ce ta kira mijinta don ɗanta na zazzaɓi za ki ce ita ta kashe shi? Mun daɗe a kan wannan. Malaminmu ya sha karanta mana hadisin da ya ce kalmar "da na yi kaza" tana buɗe aikin shaiɗan, ma'anar ɗaya ce, amma sai da na furta abin da bakina a gaban mutum kafin hadisin ya samu wajen zama a zuciyata.

Ta kuma yi min bayanin da nake so kowa ya ji. Ta ce yawancin mutane ba sa buƙatar zuwa wajenta, dangi da addu'a da lokaci suna isarsu. Amma akwai waɗanda abin yake maƙale musu, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa wannan a kundin cututtukanta da ya fara aiki a 2022, wato baƙin cikin rashi da ya wuce aƙalla wata shida yana hana mutum gudanar da rayuwarsa fiye da yadda aka saba a al'adarsu. Matakai biyar ɗin nan na baƙin ciki da ake yaɗawa a Facebook kuwa, wai ƙin yarda sai fushi har zuwa sallamawa, ta ce Elisabeth Kübler-Ross ta fitar da su ne a 1969 daga hirarta da marasa lafiyar da ke gab da mutuwa, ba layi ba ne da dole kowa ya bi, don haka in na yi sati lafiya na wayi gari ina kuka ba baya na koma ba.

Yanzu ƙorafi. Kuɗin zama ɗaya ya kai cefanen gidana na sati, kuma sai an biya kafin a shiga, mace da ta rasa mai ciyar da ita ta ina za ta fara? Ni Yaya ce ta ɗauki rabi. Na biyu resepshon ɗinsu, yarinyar ta ɗaga murya a gaban mutane tana cewa ke ce ta wajen masu matsalar ƙwaƙwalwa ko, na ji kamar in juya. A garin da har yanzu ana ganin duk wanda ya je irin wannan waje mahaukaci ne, wannan ba ƙaramin abu ba ne. An sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta Najeriya a Janairun 2023 ta maye gurbin tsohuwar ta 1958, kuma ta yi maganar sirrin mara lafiya da mutuncinsa, ya kamata a koya wa ma'aikatan gaba wannan. Na uku zaman bidiyo kol da muka gwada lokacin da na je gida, netwok ya yanke ina tsakiyar magana mai nauyi, sam ban ba da shawararsa ba sai dole. Sannan ita kaɗai ce mai jin Hausa a cikinsu, in ta yi tafiya sai dai a jira.

Wanda ba shi da halin na kuɗi ya nemi sashen ƙwaƙwalwa na asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano ko asibitin Dawanau, a Kaduna akwai na Barnawa, a Sakkwato na Kware, Maiduguri ma akwai na tarayya, ya tambaya ko akwai mai zaman shawara ba magani kaɗai ba. In kuma mutum ya fara jin gara ya bi mamacin, ko ya daina ci da sha gaba ɗaya, wannan ba na jiran ranar ganin likita ba ne, a kai shi asibiti a ranar kuma kar a bar shi shi kaɗai. Ni dai na ba matar huɗu da rabi cikin biyar, asibitin kuma uku, in suka gyara resepshon suka yi wa zawarawa rangwame zan ƙara musu.