Foinsetiya ko kaktus ɗin Kirsimeti: wanda ya dace da falo a hunturun Ingila

Malama, kin tambaya wanne ya fi dacewa da falo a hunturun Ingila tsakanin foinsetiya, tsiron nan mai jan ganye a sama, da kaktus ɗin Kirsimeti, mai fure a lokacin Kirsimeti. To, foinsetiya za ki saya, domin a duhun watan Disamba na ƙasar nan babu tsiron tukunya da yake cika falo da launi kamarta. Kaktus ɗin Kirsimeti yana da juriya kuma yana daɗewa, wannan ban musa ba, amma wanda na taɓa saya ya kakkaɓe tohon furanninsa da aka sauya masa wuri, daga nan ban sake ganin komai a jikinsa ba sai kore.

Tawa foinsetiyar tana kan tebur kusa da taga, inda haske yake isa gare ta amma iskar ƙofa ba ta taɓa ta, kuma jan nan nata bai dusashe ba har watan Maris. Da Afrilu ya kama na datse rassanta, na bar musu tsawon kamar santimita 15, ta sake tofo kore shar. Daga farkon Oktoba yarana suka karɓi aikin kifa mata kwali kowace yamma su ɗauke da safe, kuma ranar da jan farko ya ɓullo a bakin ƙananan ganyen sama, ƙaramarsu ce ta rugo ɗaki tana kirana in zo in gani. Dalilin kwalin shi ne, wannan tsiro ba ya yin ja sai ya sami duhu na kimanin awa 14 kowane dare har mako 8 zuwa 10, kuma ko hasken fitilar falo yana iya ɓata lissafin. Abin da ake gani ja ɗin ma ganye ne. Ainihin furannin su ne 'yan ƙwayoyin rawaya da ke tsakiya.

An kai ta Amurka a shekarun 1820 ta hannun jakadan Amurka a Meziko, Joel Poinsett, amma asalinta daga yankuna masu ɗumi na Meziko take, shi ya sa sanyi ne babban abokin gabarta. Ɗumin da take so yana tsakanin digiri 15 zuwa 21 a ma'aunin Celsius, in ya yi ƙasa da 10 sai ganye ya fara zuba, saboda haka kada ki bar ganyenta ya jingina da gilashin taga da dare, kada kuma ki ajiye ta a kan na'urar ɗumama ɗaki. Ruwa kuwa sai kin taɓa ƙasar da yatsa kin ji samanta ya bushe, sannan ki zuba, ki bar shi ya tsiyaye. Takardar ƙyalƙyalin da ake naɗe tukunyar da ita tana tara ruwa har saiwa ta ruɓe, don haka ki cire ta ko ki huda gindinta. Dangin aguwa ce da muka sani a shingen gonakin gida, kuma tana fitar da farin ruwa irin nata mai sa ƙaiƙayi, sai a wanke hannu bayan datsa, a kuma ɗaga ta daga inda jarirai suke rarrafe, ko da yake ba guba mai kisa ba ce kamar yadda ake yaɗawa.

Ki yi hattara da masu sayarwa, domin wasu suna jera su a bakin ƙofar kanti cikin sanyi, tsiron ya riga ya ji jiki amma ba zai nuna ba sai ya kwana biyu a gidanki. Masu launin shuɗi da masu walƙiya farare ne aka fesa wa fenti, ana kuma tsauwala musu kuɗi a matsayin sabon iri. Ki zaɓi ja ta asali daga cikin lambun sayar da tsirrai, wadda ƙwayoyin tsakiyarta suke nan a rufe, ganyenta kore har ƙasa, ki juya bayan ganyen ki duba ko akwai ƙananan fararen ƙudaje, sannan ki sa a naɗe miki ita da takarda kafin ki fita da ita zuwa mota.