Idan Waya Ta Cika: Abin da Mazaunin Saudiyya Zai Auna Kafin Ya Fitar da Riyal Ɗinsa

A Saudiyya waya ta daɗe da wuce abin gaisawa da 'yan'uwa, domin kusan duk takardun mutum a cikinta suke. Mai igama, wato katin izinin zama, yana buƙatar manhajar Absher don harkokin zamansa, yana buƙatar Nafath don tabbatar da cewa shi ne idan zai shiga wasu shafukan gwamnati, ga Tawakkalna ta hidimomin gwamnati, ga Sehhaty ta ganin likita, ga manhajar banki, sannan ga Nusuk wadda da ita ake neman izinin shiga Rauda a Madina. Babu wadda mutum zai goge a cikinsu hankalinsa ya kwanta. A kan wannan kuma sai a ɗora WhatsApp, inda zaurukan dangi na Kano ko Damagaram ke turo bidiyon biki da suna, almajiran malamai kuma ke turo karatun tafsiri ba dare ba rana. Shi ya sa duk wanda wayarsa ta fara nuna masa cewa wuri ya ƙare yake tunanin kashe kuɗi, kuma hanyoyin da ke gabansa huɗu ne: ya sayi waya mai babbar ma'adana, ko ya sayi katin memori, ko ya yi hayar wuri a intanet, ko ya sayi filas, wato ɗan abin ajiyar hotuna da bidiyo da ake sokawa a waya ko kwamfuta. Abin da masu shago ba su cika faɗa ba shi ne, waɗannan huɗun ba ciwo ɗaya suke warkarwa ba.

Kafin a zaɓi ko ɗaya, ya kamata a shiga saitin waya a buɗe sashen ma'adana a ga abin da ya cinye wurin. Idan hotuna da bidiyo da sauti ne suka fi yawa, to matsalar mai sauƙi ce, don waɗannan ana iya kwashe su a kai wani wuri. Idan kuwa manhajoji ne da kansu suka cika wayar, to maganar ta sha bamban, saboda manhaja a cikin ma'adanar waya ta asali take zama, a can take ajiye bayananta, a can kuma take neman fili duk lokacin da za a sabunta ta. Wanda bai bambance waɗannan biyun ba shi ne yake sayen kati mai tsada, ya dawo gida ya tarar har yanzu Absher ta ƙi sabuntuwa.

Akwai kuma ruɗanin da ake yi tsakanin RAM da ma'adana, kuma kwalayen waya suna ƙara dagula shi. RAM kamar faifai ne da ake tankaɗe a kai, ma'adana kuwa ita ce rumbun da hatsi yake kwana a ciki. Idan aka rubuta 8 da 128 a jikin kwali, na farkon RAM ne, na biyun ne wurin ajiya. Wasu kamfanonin suna rubuta cewa wayar tana da RAM gigabait 16, alhali 8 ne na gaske, sauran 8 ɗin kuma aro ake yi daga ma'adana. Samsung tana kiran wannan tsarin RAM Plus, Infinix kuma MemFusion. Wanda wuri ya yi masa kaɗan zai iya rage wannan aron ko ya kashe shi a saiti idan wayarsa ta yarda, ya samu 'yan gigabait ba tare da ya biya ko halala ba.

A ganina, ga mai shirin sayen sabuwar waya, kuɗin da ya fi amfani shi ne wanda aka zuba a ma'adanar asali. Waya mai gigabait 64 tana da araha a shago, amma tsarin wayar da manhajojin da kamfani ya zuba tun daga masana'anta suna cin kaso mai yawa kafin mai ita ya ɗauki hoto ko ɗaya, kuma manhajoji kullum ƙara nauyi suke yi da kowane sabuntawa. Irin wannan wayar za ta ishi dattijon da kira da sauraron karatu kawai yake yi. Ga wanda yake aiki da manhajojin gwamnati da na banki da taswira da na neman mota, 128 ne mafi ƙarancin abin da zan ba shi shawara. Wanda kuma yake ɗaukar bidiyo sosai, kamar masu yi wa mahajjata hidima ko 'yan kasuwar da ke tura wa abokan ciniki na gida bidiyon abaya da dabino da turare, gara ya daure ya sayi mai 256. Lissafin da iPhone take nunawa a saitin kyamararta ya isa misali: bidiyon minti ɗaya a ingancin 1080p na yau da kullum yana cin kimanin megabait 60, a 4K yana cin kimanin 170, idan kuma aka ɗaga shi zuwa hoto 60 a daƙiƙa sai ya kai wajen 400. Ke nan bidiyon minti goma a farfajiyar Harami zai iya lashe gigabait 4. Bambancin farashi tsakanin 128 da 256 sau ɗaya ake biyansa, kuma yana taimakawa ranar da za a sayar da wayar.

Katin memori shi ne abin da yawancinmu muka saba da shi tun daga gida, kuma har yanzu shi ne hanya mafi araha ta ƙara wuri, sai dai sharuɗɗansa suna da yawa. Na farko, ba kowace waya ce take karɓarsa ba. iPhone ba ta taɓa zuwa da ramin kati ba, Samsung kuma ta cire shi daga manyan wayoyinta tun daga Galaxy S21 a 2021, ko da yake ya ci gaba da zuwa a da yawa daga cikin jerin Galaxy A da ƙananan wayoyin wasu kamfanoni. Na biyu, kuma wannan ya fi shafar mu da ke zaune a nan, shi ne yanayin tiren da ake ɗora layi a kai. A wayoyi da yawa gurbi biyu ne kawai a tiren, na biyun kuma ko dai a sa layi ko a sa kati, ba duka biyun ba. Bahaushen da ke Makka ko Jidda yakan riƙe layin STC ko Mobily ko Zain, sannan ya bar layinsa na gida a ciki don saƙon banki da lambar da dangi suka sani. Idan ya sayi waya mai irin wannan tiren, dole ɗaya ya fita. Saboda haka kafin a biya kuɗi a ce wa mai shago ya zaro tiren a gani da ido. Idan gurbi uku ne, biyu ƙanana ɗaya mai ɗan tsawo, to layi biyu da kati za su zauna tare. Idan biyu ne, sai a tambaya ko wayar tana karɓar eSIM, wato layin da ake saukewa a waya ba tare da kati ba, don a mayar da layin Saudiyya na cikin waya a bar gurbin ga kati.

Sharaɗi na uku shi ne wanda ya fi ba mutane haushi. Kati yana ɗaukar hotuna da bidiyo da littattafai da karatun Alƙur'ani cikin sauƙi, amma bai cika ɗaukar manhaja ba. Gaskiya ne tun Android 6 a 2015 aka kawo tsarin da zai haɗe kati da ma'adanar waya su zama abu ɗaya, amma kamfanoni irin su Samsung ba su buɗe shi a wayoyinsu ba, kuma inda aka buɗe, katin yana zama a kulle da wannan wayar kaɗai, ta yadda idan aka cire shi aka sa a wata ba za a ga komai ba. Manhajoji da yawa ma masu su ba su yarda a matsar da su kan kati ba. Ga ɗalibin Jami'ar Musulunci ta Madina da ya tara littattafai da darussan malamai na sauti, kati alheri ne babba. Ga wanda manhajoji suka cika wa waya, taimakon katin bai wuce ya kwashe hotuna ya ba su fili ba.

Wanda ya yanke shawarar sayen kati ya karanta ƙananan alamomin da ke jikinsa. Katin da bai wuce gigabait 32 ba ana rubuta masa SDHC, daga 64 zuwa sama kuma SDXC, kuma wasu tsofaffin wayoyi ba sa karanta na biyun. Alamar U1 tana nufin ba zai yi ƙasa da megabait 10 a daƙiƙa wajen rubutu ba, U3 ko V30 kuma 30, wanda shi ake so idan za a riƙa ɗaukar bidiyon 4K kai tsaye a kansa. A1 da A2 alamu ne na katin da aka yi don gudanar da manhaja. Babban haɗarin shi ne jabu. Akwai katin da aka rubuta masa 256 ko 512, waya ma ta nuna haka, amma ainihin abin da ke ciki ɗan kaɗan ne, idan ya cika sai ya riƙa rubuta sabo a kan tsoho ba tare da ya sanar ba, sai ranar da aka buɗe hotunan Umara a tarar sun lalace. Farashin da ya yi arha fiye da kima shi ne alamar farko. Gara a saya a manyan shaguna irin su Jarir ko Extra, ko a shagon da zai ba da rasit, sannan a gwada shi a kwamfuta da manhajar H2testw kafin a damƙa masa amana. Amma kada a tsorata idan katin 128 ya nuna kusan 119 a kwamfuta, wannan bambancin ƙirga ne tsakanin kamfani da na'ura, ba ha'inci ba ne.

Hayar wuri a intanet tana da kyau ta fuskar da kati ba shi da ita: idan aka sace waya ko ta faɗi a cunkoson ɗawafi, katin ya tafi tare da ita, abin da ke intanet kuwa yana nan. Google tana ba kowane mai asusu gigabait 15 kyauta, amma Gmail da Drive da Photos ne suke raba su, kuma tun 1 ga Yuni 2021 ta daina ajiye hotuna kyauta ba iyaka. Daga 2024 kuma ajiyar da WhatsApp take yi a wayoyin Android ta shiga cikin lissafin waɗannan 15 ɗin, abin da ya sa mutane da yawa suka wayi gari asusunsu ya cika. Apple kuwa 5 kacal take bayarwa kyauta. Bayan haka sai biya: Google One tana da tsarin gigabait 100, iCloud ta Apple tana da na 50 da 200 zuwa sama. Wannan kuɗi ne na kowane wata, kuma a nan ne nake jan hankalin wanda zamansa a Saudiyya na ɗan lokaci ne. A nan intanet tana da ƙarfi, ana buɗe tsohon bidiyo kamar yana cikin waya, amma ranar da aka koma gida biyan zai ci gaba, kuma kowane hoto da za a buɗe sai an ƙona data. Idan aka daina biya alhali abin da aka ajiye ya wuce na kyauta, Gmail tana daina karɓar saƙo. Sannan ita ma wannan hanyar ba ta ƙara wa manhaja wuri ko kaɗan, hotuna kawai take ɗauke wa waya.

Filas mai bakin USB-C ba ya buƙatar dogon bayani. Ana soka shi a ramin caji, a kwashe bidiyoyin da aka gama da su, a zare a ajiye a jaka. Yana yi wa yawancin wayoyin Android aiki, haka ma iPhone tun daga iPhone 15 ta 2023. Ya dace da alhajin da zai koma gida da abin da ya ɗauka, ko wanda tirensa ba shi da gurbin kati. Aibinsa shi ne ƙanƙanta, ɓatansa ba wuya.

Akwai gyaran da ba ya cin kuɗi, kuma sau da yawa shi kaɗai yana ɗage sayen sabuwar waya zuwa wata shekarar. A cikin saitin WhatsApp akwai wurin da yake jera fayilolin da suka wuce megabait 5 da waɗanda aka yi ta turawa daga zaure zuwa zaure, kuma a nan ake tarar da bidiyo ɗaya ya shigo sau uku ta hannun mutum uku. A goge su, sannan a kashe saukar da bidiyo kai tsaye, ta yadda sai wanda mutum ya taɓa ne zai sauka. iPhone tun iOS 11 tana iya sauke manhajar da aka daɗe ba a buɗe ba ta bar bayananta, Play Store ma ya kawo irin wannan a 2023. Wannan ya dace da manhajar kamfanin jirgin sama ko ta otal da ba a buɗewa sai lokacin tafiya. Facebook Lite ma ta fi babbar sauƙin nauyi nesa ba kusa ba.

Wanda kuɗinsa bai kai na sabuwa mai 256 ba yakan leƙa kasuwar wayoyi ta titin Falasɗinu a Jidda, ko Batha a Riyad, ko ya duba shafin saye da sayarwa na Haraj a intanet don neman ta hannu. Wannan ba laifi ba ne, kuma tsohuwar babbar waya mai 256 takan fi sabuwar ƙarama mai 64 daɗin aiki, amma a buɗe saiti a gaban mai sayarwa a tabbatar da girman ma'adanar, kada a dogara da abin da ke jikin kwali. A kuma tabbatar ya cire asusunsa na Google ko iCloud kafin a rabu, sannan a duba ko wayar tana samun sabuntawar tsari har yanzu, domin manhajojin banki da na gwamnati sukan daina aiki a wayar da tsarinta ya tsufa sosai, ko da kuwa akwai fili a cikinta.